Ranar da Aka Ajiye 'Yata a Kan Juji

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan zan kawo muku, sai dai wannan ba tatsuniya ba ce, da idona na gani, a jikina aka yi ta. Ni ban san baƙi ko ɗaya ba, baki ne nawa, hannun da ke rubutawa na wata ne. Abin da na tuna shi zan faɗa, wanda na manta kuma Allah ya san shi.

A lokacin nan jirgin ƙasa bai daɗe da fara shigowa Kano ba, mutane suna fita takanas su kalle shi su dawo suna riƙe baki. Muna zaune a Dukawuya, cikin badala, in ka tsaya a ƙofar gidanmu kana hango Goron Dutse. Mu uku ne a gidan: ni, da maigidana, da mahaifiyarsa wadda muke kira Inna.

Ni ba ni da kowa a birni. Tun ina ƙarama aka kawo ni daga wani ƙauye da ban ma san sunansa ba, na girma a gidan wani falke a Sheshe. Aikina a can shara da kwashe toka, kullum safiya in ɗauka a ka in kai juji. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Shi kuwa maigida baduku ne, ɗan baduku. Yana saurayi aka ɗebe shi dakon kayan Turawa zuwa kudu, ciwo ya kayar da shi a can, wasu masu bin Yesu Almasihu suka yi jinyarsa. Bayan shekara uku ya dawo da littafi a jakarsa da bangaskiya a zuciyarsa. Unguwa ta ɗauka, aka ce ɗan Inna ya zama Nasara. Ba wanda zai ba shi 'ya. Inna ta yi kukanta ta gama, ta ce ɗanta ne, ba za ta kore shi daga gidan ubansa ba. Ita tana sallarta, shi yana addu'arsa, tukunya ɗaya suke ci. Da ya zo neman aurena ni ya tambaya, ni da kaina, abin da ba wanda ya taɓa yi mini a duniya. Na ce na yarda. Ran Lahadi mukan ratsa birni da ƙafa mu fita Sabon Gari, mu zauna cikin baƙi 'yan kudu a wani ɗakin ciyawa, a yi waƙa a yi addu'a. Zan gaya muku gaskiya: ƙafata ce ta fara binsa, zuciyata tana baya.

Na haifi uku, na binne uku. Na fari ya yi wata biyu. Na biyu ya tafi ran da na gama wankan jego. Ta ukun ita ce ta karya ni, don ta kai ga dafa bango tana tafiya, ta iya kiran Inna, ƙyanda ta ɗauke ta cikin kwana huɗu. Duk ukun maigida ne ya haƙa musu da hannunsa a bayan badala. Mata suka sa mini suna mai wabi, wato wadda 'ya'yanta ba sa zama. In na shiga gidan suna sai in ga uwa ta ja zane ta rufe jaririnta. Wasu suka ce addinin mijina ne ke cin 'ya'yan. Ban yarda ba, ban kuma ƙi ba, na dai ajiye maganar a cikina tana cizona.

Da na sami ciki na huɗu ban yi murna ba ko ta yini ɗaya. Tsoro ya tare a ƙirjina kamar baƙon da ya zo da tabarmarsa. In an yi addu'a bakina na cewa amin, raina yana lissafin inda za a haƙa na huɗu.

Da bazara na sauka, ana zafin nan mai sa ƙadangare neman inuwa. Mace ce, jajir da ita, da gashi kwance. Ban iya kallonta da kyau ba. In ta yi barci sai in kai yatsa ƙarƙashin hancinta, in ta yi kuka in ce ciwo ne, in ta yi shiru in ce shi ke nan.

Kwana biyu da haihuwa Inna ta tayar da maganar a gaban ɗanta. Akwai abin da tsofaffi ke yi wa ɗan mai wabi. A tuɓe shi, a shafa masa toka, a naɗe shi a tsumma, a kai shi kan juji a ajiye kamar shara. Uwar ta ce da bakinta ba ta so. Sai wata mace mai 'ya'ya rayayyu ta zo kamar wucewa take, ta tsince shi, ta kawo shi gidan ta ce ta yi tsintuwa, a karɓa a matsayin riƙo. Wai in mutuwa ta zo ɗaukar ɗan gidan sai ta tarar da ɗan juji, abin da ba wanda ke so, ta raina ta wuce.

Maigida ya ji ta har ta gama, sannan ya ce, "Inna, Allah ne ya ba ni yarinyar nan. Ba zan dubi wanda ya ba ni kyauta in ce masa shara ce ba."

Inna ta ce, "Uku ka binne da littafinka a hannu."

Ya ce, "Na sani, Inna. Ni na haƙa."

"To ka bar ni in gwada nawa."

"Ba a yi wa Allah wayo, Inna. Ki yi haƙuri, ba za a yi ba."

Ya tashi ya fita soro. Inna ta dube ni, na dubi ƙasa. A haka muka gama magana.

Ran kwana biyar, da safe, ya ɗauki fatunsa ya tafi rumfarsa a kasuwa. Inna ta yi mini wankan safe da tafasasshen ruwa da ganyen runhu, ta ba ni kunun kanwa. Sannan ta tsaya a bakin ɗaki ta miƙo hannu biyu, ta ce a hankali, "Ba ni ita."

Ta riga ta shirya da maƙwabciyarmu mai ƙosai, wadda ta haifi tara ba ta binne ko ɗaya ba. Jiya da yamma suka yi maganar a kunne, aka tsayar a kan yau da hantsi.

Na miƙa mata. Ta tuɓe ta, ta lakato toka daga murhu ta shafa mata a goshi da ciki. Ta yago tsumma daga tsohuwar rigar aikin maigida, wadda jan karan dafi na rinin fata ya ɓata, ta naɗe ta. Ta kwantar da ita a wani fasasshen masaki. Sannan ta ce, "Faɗi."

Na ce, "Inna, dole ne?"

"In ba ki faɗa ba, ba a yi komai ba. Ki ɗaga murya a ji."

Na dubi 'yata tana motsa baki tana neman nono, na ce, "Ba na son ta. A zubar."

Inna ta ɗauki masakin ta fita. Jujin yana bayan gidaje, kusa da kududdufi, ba a hango shi daga ƙofarmu. Ƙa'idar abin ita ce wadda ta kai ba ta waiwaye, ba ta tsayawa, ba a kuma sa mai gadi, don in an ga ana tsaro an gane abin so ne. Ta ajiye ta dawo ta zauna kan turmi tana jan carbi. Ba ta leƙa gidan mai ƙosai ta ce mata an kai ba, don a ganinta in ta yi haka mutuwa za ta ji shirin. Ita kuma mai ƙosai tana can gaban kaskonta masu saye sun rufe ta, tana jiran a yi mata alama, ba ta kuma aiko ta tambaya ba saboda wannan dalilin dai. Kowacce ta yi shiru don kada mutuwa ta ji. Ita kuwa yarinya tana can ita kaɗai.

Muka zauna. Inuwar katanga ta janye daga kan randa. Ta janye daga kan turmi, har Inna ta matsa. Na ce, "Inna, ba ta daɗe ba?" Ta ce in yi shiru. Amma na ga carbin ya tsaya a hannunta.

Can sai ga sallama. Mai ƙosai ta shigo tana goge mai a gefen zanenta, hannunta biyu babu komai. Ta ce, "Inna, fasawa kuka yi ne? Na ga shiru, na ce bari in zaga ta jujin, ban ga komai ba."

Ban san yadda zan gaya muku abin da ya biyo baya ba. Ba wanda ya yi kuka. Inna ta buɗe baki, bakin ya tsaya a buɗe. Mai ƙosai tana duban ta tana duban ni, murmushin bai gama barin fuskarta ba.

Ni mai jego ce, ba a yarda in taka ko soro ba, amma ban san lokacin da na kai jujin ba, ba takalmi, ba mayafi. Ungulaye huɗu suna kai suna tone-tone. Wani baƙin kare yana kwance a gefe yana lasar ƙafarsa. Babu masaki, babu tsumma, babu yarinya.

Inna ta faɗa kan tokar tana tonawa da hannu, kamar wadda ta yar da allura. Mata suka fito. Na ji wata tana cewa kare ne, wata ta ce ai an ga kura a kangon can shekaranjiya, wata ta ce a duba kududdufi. Ina jin su kamar daga cikin rijiya. Idona a bushe. Na tsaya ina kallon karen nan, ina duban bakinsa ko zan ga jini. Haka aka kama ni aka mai da ni gida.

Aka je aka kira maigida. Ya shigo da gudu, hannuwansa jajir da karan dafi. Ya ce, "Ina take?" Ni na gaya masa, daga farko har ƙarshe. Ya ce, "Da bakinki kika ce ba kya so?" Na ce, "Da bakina." Ban taɓa ganin fuskar mutum ta koma kamar toka ba sai ran nan. Na jira mari, na jira saki, da ma ya yi ko ɗaya da na ji sauƙi. Inna ta kama ƙafarsa tana cewa ya kashe ta ya huta. Ya sunkuya ya ɗaga ta, ya ce, "Tashi, Inna, ba yanzu ba."

Mazan unguwa sun taru a ƙofar gida, waɗanda ba sa amsa gaisuwarsa ma sun zo. Limamin unguwa, dattijo ne, na ji muryarsa daga soro yana cewa wannan abin ba ya cikin littafinsu su ma, aikin tsofaffin mata ne, amma a bar faɗa a nemo yarinya. Aka rarrabu, wasu kududdufi, wasu kangaye, wasu rijiyoyi.

Kafin maigida ya bi su ya shigo ɗaki ya durƙusa kusa da ni, ya yi addu'a gajeriya. Da ya gama ban ce amin ba. Ya dube ni ya ce, "Na san ba za ki iya roƙo yanzu ba. Ki gaya masa gaskiya kawai." Ya fita.

Gida ya yi tsit. Inna da mai ƙosai sun bi masu nema. Na zauna a ƙasa na jingina da gado. Sai nono ya kawo. Ya cika, ya yi tauri, ya fara zuba da kansa, ya jiƙa zanena har cinya. Jikina bai san an zubar da ita ba, yana ta shirya mata abinci. A nan ne kukan ya zo.

Na yi magana da Allah yadda ban taɓa yi ba, ba irin ta ɗakin ciyawa ba. Na ce, Ubangiji, ƙarya na yi. Ina son ta. Ina son ta fiye da raina, kuma ka sani tun kafin in faɗa. Uku na riƙe da ƙarfina duka, ban sauke su daga bayana ba, suka mutu a hannuna. Wannan na ce zan ɓoye maka ita, ga shi ni na ɓoye wa kaina. Ba ni da sauran dabara. In tana da rai, tana wurin da kake gani. In ba ta da rai, tana wurinka tare da 'yan'uwanta. Ko ta ina, a hannunka take, kuma ashe can take tun ran da na haife ta. Ka yafe mini saboda Yesu.

Ban ji murya ba, ban ga haske ba, kada wani ya ƙara mini a labari. Ba a kuma gaya mini tana raye ba. Abin da ya faru shi ne wannan. Kun san in mace ta ɗauko tulu daga nesa, wuyanta ya ƙage har ta manta da nauyin, sai an kama mata an sauke sannan ta san abin da ta ɗauko? To haka. Shekara shida ina ɗauke da tsoron nan, ban san nauyinsa ba sai da aka sauke. Baƙin cikin yana nan, bai je ko'ina ba, amma rawar jikin ta tsaya. Numfashina ya kai har ciki. Na ga ragowar kunun kanwa a ƙwarya, na ɗauka na shanye.

Da hankalina ya dawo mazauninsa, sai jujin ya dawo mini a ido. Ɗazu karen kawai na kalla. Yanzu na tuna gefe ɗaya na jujin a yanke yake, an kwashe shi da fartanya har ƙasa ta fito. Na tuna na taka wani abu mai ɗumi da ƙafata. Na duba tafin ƙafar: kashin jaki ne.

Na gaya muku aikina a Sheshe kai toka juji. Na san masu zuwa juji da bazara. Mutanen ƙauye ne, su shigo birni da itace a kan jakuna, su sayar, su cika mangala da shara da toka su kai gonakinsu taki kafin ruwa ya sauka. Da idona na ga wannan tun ɗazu, tsoro ne ya hana shi shiga kaina.

Na ɗaura zane, na yafa mayafi, na sa takalmi, na fita da tafiya ba da gudu ba. Na sami maigida a bakin kududdufi ruwa har gwiwa yana lalube da gora. Na ce, "Malam, fito. Mai taki ne ya ɗauke ta." Ya dube ni, ina jin ya zaci na taɓu. Na kai shi na nuna masa sawun kofato, sun nufi ƙofar gari.

Sarkin ƙofa yana zaune a inuwar badala yana cin goro. Ya ga maigida ya ce, "A'a, Nasaran Dukawuya, yau ba Lahadi ba, ina zuwa da mai ɗakin?" Maigida ya tambaye shi masu takin da suka fita da hantsi. Ya ce sun fi goma. Sai ya yi ɗan tunani ya ce, "Akwai dai wani tsoho mai jakuna uku, kullum sai ya tsaya mun taɓa, yau ko kallona bai yi ba. Ya rungume wani fasasshen masaki a ƙirji ya rufe da rigarsa, yana tafe kamar mai ɗauke da ƙwai. Na ce, Baba, zinariya ka tono? Ya ce in ji da ƙofata." Ya gaya mana ƙauyensu, ya ce ba nisa, a bi hanyar ɗorawoyi. Da ya ji abin da ya faru goron ya faɗo daga bakinsa. Shi ya tsayar da wani mai itace ya aro mana jaki, don ni mai jego ce.

Muna tafe rana tana dukanmu, maigida yana jan jakin. Sai da muka yi nisa ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Ba kya kuka." Na ce, "Na gaya masa gaskiya." Ya gyaɗa kai. Daga nan har ƙauyen yana share ido da bayan hannu, jan rinin yana ɓata masa fuska.

Bayan azahar muka isa. Jakuna uku a ɗaure a gindin kuka, mangalolin ba a ma sauke ba. Tsohon yana zaune a ƙofar gidan dangar kara. Maigida ya yi sallama, suka gaisa, ya faɗi abin da ya kawo mu. Tsohon ya dube mu sama da ƙasa.

Ya ce, "Ku mutanen birni. Toka ku zubar, mu kwashe. Kashin awaki ku zubar, mu kwashe. Yanzu kuma har 'ya'ya."

Maigida ya ce, "Baba, ba zubarwa aka yi ba, al'ada ce ta masu wabi."

"Na san ta, ba yau aka haife ni ba. Mu ma ana yi a nan. Amma ana yi ne mai tsinta tana bayan danga. Ni na tsaya a wurin nan na cika mangala biyu, na yi kira, na yi gyaran murya, na kori ungulu sau uku. Ba kowa. Rana ta fara taɓa ta. In tafi in bar wa kare?" Ya juyo gare ni. "Ke ce uwar?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

"Ke kika ce ba kya so?"

"Ni na ce. Ƙarya na yi, tsoro ne ya sa ni. Na riga na faɗa wa Allah, yanzu ina faɗa maka."

Ya buɗe baki zai ƙara. Sai murya ta fito daga bayan danga, ta matarsa, ta ce, "Malam, ka bar wa'azi haka, ka tambaye ta a me aka naɗe yarinyar." Na ce tsumman riga ne mai jan karan dafi, da toka a goshi da ciki. Matar ta leƙo, ta dubi hannuwan maigida, ta dubi gaban zanena da ya jiƙe ya bushe ya sake jiƙewa. Ta ce, "Shigo, 'yar nan. Wannan ba ta buƙatar shaida."

Tana kwance a kan tabarma a ɗakin matar, an wanke mata tokar, an shafe ta da man shanu. Surukarsu mai goyo ta ba ta nono ta ƙoshi, tana barci hannu a dunƙule. Na durƙusa. Yatsana ya tashi da kansa zai je ƙarƙashin hancinta kamar yadda ya saba. Na mai da shi. Na zauna na kalle ta, a karo na farko tun da na haife ta na kalle ta da kyau. Ashe kunnen ubanta gare ta.

Da za mu tafi tsohon ya tare ƙofa. Ya ce a al'adar da muka ɗauko, wanda ya tsinta shi ne mai ita, mu riƙo za mu yi. Maigida ya ce, "Baba, mai ita Allah ne. Amma ta hannunka ya tsare ta, ba zan musa ba." Tsohon ya ce, "To a nan mun haɗu, Nasara. Yaushe ne sunan?" Aka ce jibi. Ya ce a ajiye masa tabarma.

Kafin rana ta faɗi muka shigo ƙofar gari. Sarkin ƙofa ya miƙe ya leƙa fuskarta ya ce alhamdu lillahi. Labari ya riga mu isa. Inna tana zaune a ƙofar gida da toka har gira. Na sauka na sa mata yarinyar a cinya. Ta kasa taɓa ta, sai da na kama hannunta na ɗora mata.

Ran suna ba a raɗa mata irin sunan da ake raɗa wa 'ya'yan juji ba. Inna da kanta ta ce kada a yi. Ubanta ya zaɓa mata suna daga littafinsa. Tsohon ya zo da kayan itace guda na dafa ruwan wankana, ya zauna a kan tabarmarsa kusa da liman.

Kada ku ce tsoro bai sake zuwa ba. Ya zo ran da ta yi zazzaɓin haƙori, ya zo ran da ƙyanda ta shigo unguwa ta kama ta ita ma. Sai dai in ya zo nakan zauna a ƙasa in faɗa wa Allah gaskiya, in bar masa abin da yake nasa, sannan in tashi in dafa ruwa.

Inna ta rayu har ta ga yarinyar tana yi mata tsifa, ta rasu a kan sallarta, ɗanta yana riƙe da kanta, mutanen unguwa suka yi mata sutura. Mai ƙosai ba ta ƙara yarda ta tsinci ɗan kowa ba, duk wadda ta zo mata da maganar sai ta kore ta da matsami. Sarkin ƙofa ya bar tsokanar maigida da Nasara, ya koma tambayarsa lafiyar 'yar masaki. Tsoho mai taki ya yi shekara goma sha ɗaya yana zuwa duk bazara da ɗorawa a mangala, ya zauna a soro ya ce a kawo masa 'yarsa. Da ya rasu maigida ya je har ƙauyen ya yi kwana uku. Matar tsohon ita ta yi wa yarinyar gara ran aurenta. Maigida ya tsufa a kan fatunsa, bai taɓa tayar mini da maganar ranar nan ba ko sau ɗaya, yana kwance yanzu a bayan badala kusa da ukun da ya haƙa wa. Na haifi biyu bayanta, ɗaya ya zauna, ɗaya ya koma. Ita kuwa 'yar masaki, ita ce ta haifi uwayenku, ga ta can tana jinmu tana yi kamar ba ta ji. Ni kuma ga ni, ina jiran kira, kuma ba na kai yatsa hancin kowa. Nan ta tsaya.